Na Bakin Ƙofa da Na Ƙarshen Zango: Yaya Za a Raba Iska?

Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin kai intanet daga wani gini zuwa wani a Jos ba tare da waya ba ya san abokin gabarsa na farko dutse ne. Garin yana zaune a kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200 daga doron teku, kuma a kan tudun ma wasu duwatsun suka sake ɗarewa: ga tsaunukan Shere daga gabas, ga Dogon Dutse, ga falalen da gidajen Jenta da Tudun Wada da Kabong suka maƙale a jikinsu. Saƙon Wi-Fi, mai tafiya a kan mitar gigahaz 2.4 ko 5, ba ya huda dutse. Haƙa rami a binne wayar fayiba a ƙasa mai falale kuwa aikin masu hannu da shuni ne. Abin da ya rage wa mai ƙaramin ƙarfi shi ne ya ɗora na'ura a kan wannan rufi, ta miƙa wa ta wancan rufin, waccan ta miƙa wa ta gaba, har saƙo ya kewaye dutsen ya kai ƙofar da ke haɗe da intanet. Kowace miƙawa zango guda ke nan.

A nan gardama take farawa. Na'urorin nan duk iska ɗaya suke rabawa. In suna kan mita guda, ɗaya ta buɗe baki dole maƙwabtanta su yi shiru, in ba haka ba saƙonni su yi karo, kowa ya tashi a tutar babu. To wa zai yi magana, sau nawa, na tsawon wane lokaci? Yanzu kuma da na'urori suke zuwa da eriya biyu, huɗu, har takwas, nawa na'ura za ta kashe wa kanta, nawa za ta bari don maƙwabciyarta ta samu sarari? Masana sun kasu gida biyu. Wasu sun ce a bar hanya ta ɗauki iyakar abin da za ta iya ɗauka, ko da wani ya fi wani samu. Wasu sun ce a daidaita rabo, ko da jimillar abin da ke wucewa ta ragu.

Rabon ƙaramar hanya tsakanin jama'a masu yawa ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Jami'ar Jos, wadda ta fara a matsayin reshen Jami'ar Ibadan a 1971 ta kuma tsaya da ƙafafunta a 1975, harabobinta a warwatse suke, ga ta Titin Bauchi, ga ta Naraguta, ga ta cikin gari, kuma haɗa su ya daɗe yana cin tunanin ma'aikatanta. Wani Ba'amurke mai suna Cliff Missen ya koyar a can a ƙarshen shekarun 1990, kuma wahalar samun hanya da ya gani ce ta kai shi ga ƙirƙiro eGranary: a kwafo miliyoyin shafuka a zuba cikin faifan kwamfuta a ajiye a makaranta, ɗalibai su yi ta karatu ba tare da sun taɓa intanet ba. Ita ma amsa ce ga tambayar rabo, wato in hanya ta yi kaɗan a rage masu binta. A Kafanchan kuwa, in ka gangara daga tudun nan ta kudu maso yamma, gidauniyar Fantsuam ta John Dada ta kafa ZittNet wajen 2007 da tallafin cibiyar IDRC ta Kanada, tana raba hanyar tauraron ɗan'adam guda ga makarantu da wuraren jinya da ƙungiyoyi ta doguwar hasumiya ɗaya. A 2008 guguwa ta kayar da hasumiyar. Masoya tsarin zango-zango sukan kafa hujja da irin wannan, su ce in komai ya rataya a kan ƙarfe ɗaya, ranar da ya faɗi kowa ya faɗi. Gaskiyarsu ne. Sai dai tsarin nasu yana da nasa ciwon, kuma ciwo ne marar ƙara, ba a ganinsa sai an je gidan wanda yake damu.

Ƙa'idar da Wi-Fi ke bi tun da aka fitar da ma'auninsa na farko a 1997 mai sauƙi ce: saurara kafin ka yi magana. In na'ura ta ji iska a cike, ta jira. In ta ji shiru, ba ta afkawa nan take. Sai ta zaɓi wata lamba ta ƙuri'a ta riƙa ƙirgawa ƙasa-ƙasa, wadda tata ta riga ƙarewa ita ke da magana. In biyu suka yi karo, kowace ta ninka iyakar lambar da take zaɓa, daga 15 zuwa 31, zuwa 63, har 1,023, wadda ta yi nasara kuwa ta koma kan ƙaramar iyaka. Tushen wannan jiran ƙuri'a yana komawa ga ALOHAnet, wadda Norman Abramson da abokan aikinsa suka kunna a tsibiran Hawaii a 1971. A cikin ɗaki ɗaya, inda kowa ke jin kowa, dabarar ba ta da laifi: in aka daɗe, kowa zai samu dama gwargwadon ta ɗan'uwansa.

Fitar da ita waje ka ga yadda take watsewa. A ce akwai na'ura a kan dutse, ɗaya a gindinsa ta gabas, ɗaya ta yamma. Kowace cikin biyun tana jin ta sama, amma ba ta jin 'yar'uwarta. Ta gabas ta saurara ta ji shiru, ta yamma ma ta ji shiru, suka yi magana tare, saƙonninsu suka yi karo a kan dutsen. Fouad Tobagi da Leonard Kleinrock sun bayyana wannan matsala ta ɓoyayyen maƙwabci tun 1975. Abin haushin shi ne wadda siginarta ya fi ƙarfi sau da yawa takan tsira daga karon, ta koma kan ƙaramar lamba, raunanniyar kuwa ta yi ta ninka jiranta. Mai samu ya ƙara samu ke nan. An ƙara wa Wi-Fi dabarar neman izini da ba da izini kafin a aika babban saƙo, wadda ta samo asali daga shawarar Phil Karn ta 1990, ta rage ciwon amma ba ta warkar da shi ba.

Akwai kuma wanda tsakiya ta ci. Hanyoyi uku a jere, ta tsakiya tana jin ta dama da ta hagu, su kuwa ba sa jin juna. Kafin ta tsakiya ta yi magana sai duka biyun sun yi shiru a lokaci guda, kuma tunda ba sa jiran juna, da wuya hakan ta faru. Mai gidan tsakiya ya duba wayarsa ya ga sandunan sigina a cike fal, amma shafi ya ƙi buɗewa. Ya kira mai kula da na'urori ya ce, "Oga, sabis ɗin nan ba ya ja," shi kuma ya zo ya gwada ƙarfin sigina ya ga lafiya lau, ya tafi yana zargin wayar mutumin.

Ciwo na uku shi ya fi muni. Na'urar da ke kusa da ƙofa aiki biyu take yi: tana aika na masu gidanta, tana kuma miƙa na duk waɗanda ke bayanta. Amma Wi-Fi dama ɗaya yake ba ta, kamar kowa, kuma layin jiranta ɗaya ne. Saƙonnin gidanta suna shiga layin kai tsaye, na nesa kuwa sai sun yi kokawa a kowane zango kafin su iso, su tarar layi ya cika, a zubar da su. Ƙa'idar TCP da ke tafiyar da mafi yawan zirga-zirgar intanet tana ɗaukar zubar da saƙo alamar cunkoso ce, sai ta ƙara rage gudun na nesa. Violeta Gambiroza da Bahareh Sadeghi da Edward Knightly na Jami'ar Rice a Amurka sun nuna a 2004 cewa a irin wannan jeri, wanda ke zango biyu ko uku daga ƙofa yana iya tashi kusan hannu rabbana.

Mu ɗan yi lissafi, don a ga abin da ake jayayya a kai. A ce gidaje uku a jere, duk suna jin juna a kan mita guda, iskar kuma tana ɗaukar megabit 60 a daƙiƙa. Na farko zango ɗaya ne tsakaninsa da ƙofa, na biyu zango biyu, na uku zango uku. Megabit ɗaya na gida na uku yana cin iska sau uku, don sau uku ake furta shi kafin ya isa. In aka bar wa na farko komai, jimilla 60 ce, sauran biyun babu. In aka ce kowa ya samu daidai, kowa zai tashi da 10, jimilla 30, rabin ƙarfin hanya ya tafi wajen dako. In kuwa lokacin iskar aka raba uku, na farko ya samu 20, na biyu 10, na uku kusan 6.7, jimilla ta kusa 37. Raj Jain da abokan aikinsa sun fitar da wani ma'aunin adalci a 1984 wanda ke ba rabon farko kashi ɗaya bisa uku, na biyu cikakken maki ɗaya, na ukun kuma wajen 0.82. Ma'aunin yana faɗa maka nisan rabo daga daidaito, amma ba ya faɗa maka ko daidaiton ne ya dace.

Masu cewa a bar hanya ta cika cikinta ba azzalumai ba ne, kuma hujjarsu ta farko tana cikin lissafin can. Iska ba ta ƙaruwa. Mitocin da hukumar sadarwa ta NCC ta bari kowa ya yi amfani da su kyauta 'yan kaɗan ne, a mitar 2.4 ma kafofi uku kacal ne ba sa shiga juna, masu tsabta kuwa da tsada suke: a gwanjon Disamba 2021, MTN da Mafab kowanne ya amince zai biya dala miliyan 273.6 don samun mitar 5G. Wanda ya zubar da rabin irin wannan dukiya da sunan daidaito, in ji su, bai taimaki talaka ba, talauci ya raba daidai. Sun kuma ce abin yana ƙara lalacewa in jeri ya yi tsawo. Piyush Gupta da P. R. Kumar sun tabbatar da lissafi a 2000 cewa rabon kowace na'ura yana raguwa yayin da na'urori ke ƙaruwa, kuma masu bincike a MIT sun gano a 2001 cewa dogon jerin Wi-Fi yana iya faɗuwa zuwa kusan kashi ɗaya bisa bakwai na abin da zango guda ke ɗauka. In aka ɗaure kowa da ƙafar na ƙarshe, ƙara gida ɗaya a can bayan dutse zai rage wa unguwa duka.

Hujjarsu ta biyu ta fi ƙarfi a wurina. A 2003 Martin Heusse da abokan aikinsa a Grenoble ta Faransa suka nuna wani abin mamaki: tunda Wi-Fi dama yake rabawa daidai, ba lokaci ba, na'ura mai jinkiri guda tana jawo kowa ƙasa. Mai gudun megabit 11 da mai gudun megabit 1, in kowa ya aika ƙunshi ɗaya bi da bi, mai jinkirin zai riƙe iska ninki goma sha ɗaya na lokacin ɗan'uwansa, kuma dukansu su ƙare ƙasa da megabit ɗaya. In aka raba lokaci biyu, mai saurin ya samu 5.5, mai jinkirin 0.5. Wato mai jinkirin ya rasa ƙasa da rabin megabit, mai saurin ya ƙaru da fiye da huɗu. Wane alƙali ne zai kira rabon farko adalci? Mutumin da ya sayi na'ura mai kyau ya daidaita eriyarsa, me ya sa zai biya bashin wanda ya rataya tsohuwar na'ura a bayan tankin ruwa?

Akwai ta uku, wadda ba a cika samunta a takardun Turawa ba don su wuta ba ta dame su ba. Na'urar da ke miƙa saƙon wasu tana cin wuta dare da rana. A Jos, mai gidan da ke kusa da ƙofa shi ke sayen batir da farantin sola, shi ke hawa rufi bayan ƙanƙara ko tsawar damina ya duba ko abin ya ƙone. In aka ce rabonsa daidai yake da na wanda ba ya ɗauke wa kowa komai, wata rana zai zare filogi, kuma ranar kowa zai gane wa ke riƙe da wa. Sannan tabbatar da adalci ba kyauta ba ne: sai na'urori sun riƙa sanar da juna tsawon layinsu da halin hanyarsu, wannan sanarwar ita ma iska take ci.

To ga ɗaya ɓangaren. Sun ce da farko a tuna dalilin da ya sa aka gina tsarin. Na bakin ƙofa ba ya buƙatar zango-zango, waya mai tsawon mita hamsin ta ishe shi. Don na bayan dutse aka hau rufi aka ɗaura na'urori. Tsarin da ya ƙoshar da na kusa ya bar na nesa da yunwa ya ci amanar abin da aka yi shi dominsa, ko da jimillarsa ta yi kyau a takarda. Kuma kusanci da ƙofa ba gwaninta ba ce, sa'a ce: inda injiniya ya ga ya fi sauƙin kafa hasumiya, ko inda mai gini ya yarda. Manoman rani da ke shan ruwa a magudana guda sun san wannan rigima tun kafin a haifi kwamfuta. Na kan ruwa yakan sha ya ƙoshi har ya yi ambaliya, na wutsiya yana kallon tumatirinsa yana yaushi, alhali kuɗin ruwa ɗaya suka biya.

Sun kuma ƙaryata cewa rashin adalci yana nufin ƙwazo. Wannan wurin yana da muhimmanci, don masu ɓangaren farko sukan yi kamar in aka bar Wi-Fi da halinsa, jimilla mafi girma za a samu. Ba haka ba ne. Saƙon da ya ci iska a zango biyu sannan aka zubar da shi a na uku asara ce tsantsa, bai amfani mai shi ba, ya kuma hana na kusa lokacin da ya ci. A irin wannan hali, rage wa kowa gudu tun daga gidansa yana iya ƙara adalci ba tare da jimilla ta yi wata asarar kirki ba. Haka kuma amfanin megabit ba ɗaya ba ne a hannun kowa. Wanda ke da 20 aka ƙara masa biyu, bidiyonsa ne zai ɗan ƙara haske. Wanda ba shi da komai aka ba shi biyu, ɗansa ya cike fam ɗin JAMB, matarsa ta karɓi kuɗin dankalin da ta tura Kano, mai POS na bakin layi ya daina cewa netwok ya ɗauke.

Hujja ta ƙarshe ta wannan ɓangare ta Jos ce ƙashin kanta, kuma ba na jin a tsallake ta. Tun bayan rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010, zaman unguwanni da yawa ya rabu bisa addini da ƙabila. Jerin na'urori da ya taso daga wata unguwa ya ƙare a wata ba zai tsaya a matsayin maganar injiniyoyi ba. In ta ƙarshen ce kullum ba ta samun sabis, babu wanda zai zauna ya saurari bayanin ɓoyayyen maƙwabci da layin jira. Za a ce da gangan ne. Na'ura ba ta san sunan kowa ba, amma mutane sun san sunan unguwar da aka bari a baya.

Ana cikin wannan ja-in-ja sai eriya da yawa ta shigo, wasu suka ɗauka ta raba gardama. Fasahar da ake kira MIMO ta taso ne daga ayyukan Arogyaswami Paulraj a Stanford da Gerard Foschini da Emre Telatar a Bell Labs cikin shekarun 1990, ta shiga Wi-Fi da ma'aunin 802.11n a 2009, mai layi har huɗu. Dabarar ita ce a mai da abin da a da ake ɗauka cikas ya zama riba. Saƙo yakan bugi bango da rufin kwano da dutse ya iso ta hanyoyi daban-daban, kuma na'ura mai eriya huɗu tana iya warware waɗannan hanyoyi ta aika layi huɗu na bayanai a kan mita guda a lokaci guda. Cunkoson rufin kwano na Gangare ko Unguwar Rogo irin wurin da wannan fasaha ke so ne. Daga ƙololuwar dutse zuwa ƙololuwar wani kuwa, inda babu abin da saƙo zai buga, ribar takan tsaya a layi biyu, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, shi ya sa yawancin kwanonin da ake gani a kan hasumiyoyi masu layi biyu ne.

Sai dai kowace eriya abu uku take iya yi, kuma in ta yi ɗaya ta rage ikonta a kan sauran. Tana iya ƙara layi don gudu. Tana iya maimaita saƙo guda ta wata hanya don kada ya ɓace, kuma Lizhong Zheng da David Tse sun nuna a 2003 cewa tsakanin gudu da tabbaci akwai ciniki, ba a cin su duka cif-cif. Tana kuma iya toshe kunne ga maƙwabci, wato ta soke kutsen siginarsa don ku yi magana tare. Ashe gardamar ba ta mutu ba, sabon fili ta samu. Hanyoyi biyu maƙwabta, kowace da eriya huɗu: ko su yi bi da bi kowace da layi huɗu, ko su yi tare kowace da layi biyu, ragowar eriya biyun su tare kutse. A ido lissafin ɗaya ne, huɗu a nan huɗu a can. Karthikeyan Sundaresan da abokan aikinsa a Georgia Tech sun nuna a 2004 cewa ba ɗaya ba ne, don layukan ba ƙarfinsu guda ba. Wanda ya ɗauki biyu, mafi kyawun biyun zai ɗauka, saboda haka biyu da biyu tare suna iya fin huɗu bi da bi. Ga wuri guda dai da sassauta wa maƙwabci yake ƙara wa kowa.

Masu shakka sun ce a yi hattara, kuma suna da dalili. Soke kutse yana buƙatar na'ura ta san halin hanyar da ke tsakaninta da maƙwabcinta a kowane lokaci, halin kuwa yana sauyawa in babbar mota ta wuce ko iska ta kaɗa bishiya. Aunawa da sanarwa suna cin lokaci. Aika wa na'urori da yawa a lokaci guda, wanda ya zo da 802.11ac a 2013, an tsara shi ne don shugaba ɗaya da mabiyansa, ba don jerin maƙwabta marasa shugaba ba. Sannan ga sabon rashin daidaito: mai eriya huɗu da mai eriya ɗaya. In aka raba lokaci daidai, mai huɗun zai kwashi ninki. In aka ce ya kashe uku wajen kare mai ɗaya, an hukunta shi don ya sayi abu mai kyau. Kuma hanyar da ke bakin ƙofa, mai dakon kowa, in aka tilasta mata ta rage layukanta don maƙwabciya marar kaya ta samu sarari, an cuci duk waɗanda ke bayanta da sunan adalci.

Ni dai inda na tsaya ke nan. Rabon da ya ce kowa ya samu megabit daidai yana da daɗin faɗa a taro, amma yana ba na'ura mafi rauni ikon riƙe unguwa duka, ban yarda da shi ba. Barin Wi-Fi da halinsa kuwa ba zaɓin ƙwazo ba ne, sakaci ne kawai da aka yi wa ado. Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne a raba lokacin iska, a ƙirga shi daga gidan mutum har ƙofa, kowane zango a rubuta shi a kan mai saƙon, ba a kan mai dakonsa ba. Wannan shi ne rabon 20 da 10 da 6.7 na lissafinmu, kuma ya yi daidai da abin da Frank Kelly na Jami'ar Kambirij ya tsara a 1997, adalcin gwargwado: babu wanda za a bari da sifiri, babu kuma wanda za a yi wa babbar asara don wani ya samu ƙaramar riba. Ba mafarki ba ne. Toke Høiland-Jørgensen da abokan aikinsa sun shigar da rabon lokacin iska cikin manhajar Linux wajen 2017, kuma na'urorin waje irin su airMAX na Ubiquiti da Nv2 na MikroTik sun daɗe da barin ƙuri'a suka koma ba kowa lokacinsa. Abin da waɗannan ke yi a zango guda ne, ƙirga shi daga farko har ƙarshe aikin mai kula da hanya ne, ta hanyar sa wa kowane gida iyaka tun daga bakin shigarsa.

Amma ina ƙara sharaɗi biyu da lissafin Kelly bai ƙunsa ba. Na ɗaya, a kafa wa kowane gida mafi ƙarancin rabo da ba za a sauka ƙasa da shi ba, wanda zai ishi kiran murya da tura kuɗi da buɗe shafi, sai abin da ya ragu a raba bisa lokaci. Na biyu, eriyoyin hanyar da ke dakon jama'a a bar mata su cif, sassauci ya fito daga hanyoyin gefe. Mai gidan da ke ɗauke da na'urar dako kuwa a saka masa da ragin kuɗin wata ko a saya masa batir, kada a biya shi da iskar maƙwabtansa. In kuma jeri ya wuce zango uku, to dabarar rabo ta kai iyakarta, sai a sa rediyo na biyu a wata mitar daban ko a buɗe sabuwar ƙofa, abin da ya yi sauƙi tun da Starlink ya fara aiki a Nijeriya a 2023.

Saboda haka ga kira ga masu wannan aiki, daga ɗaliban injiniya na Naraguta zuwa ƙananan kamfanonin da ke sayar da intanet a unguwanni, har da ƙungiyoyi irin su CITAD ta Kano da ke horar da masu gina hanyoyin al'umma: ku rubuta ƙa'idar rabonku a takarda da harshen da masu biyan kuɗi ke ji, ku karanta musu kafin a ɗaura na'ura ta farko. Ranar gwaji kuma kada ku tsaya a gindin hasumiya. Ku je gida na ƙarshe da ƙarfe takwas na dare, lokacin da kowa ke kan waya, ku auna a can.